Muryar Auta

Ni tela ce, kuma gara in faɗa tun yanzu: ba tausayi ne ya kai ni makarantar kurame ba, 'yata ce a ciki. Auta. Shekararta goma sha ɗaya, a gindin kekena ta girma, amma ba ta taɓa jin ƙararsa ba.

Mutane suna ɗauka kurma shiru gare shi. Duk mai wannan tunani bai taɓa zama gida ɗaya da kurma ba. Auta in ta ajiye kofi sai ka ce faɗa suke yi da shi, in kuwa abu ya yi mata daɗi, wani sauti ne yake tasowa daga ƙirjinta, mai kauri, mai gargada, shi ba waƙa ba shi ba kuka ba. Ita ba ta san yana fita ba. Ni na sani, ni da maƙwabta da duk wanda tsautsayi ya haɗa mu mota ɗaya. Da na ga an fara waiwayowa sai in ɗora yatsa a leɓe, ita kuma sai ta nutsu. Ban taɓa yi mata bayani ba, ba ta taɓa tambaya ba. A haka muka zauna, kowa na ganin ya fahimci ɗan'uwansa.

A makarantar akwai ƙungiyar rawa, yara goma sha uku, Malama ke koya musu, ita ma kurma ce tun haihuwa. Babu kiɗa, me za su yi da shi? Ido ne abin aikinsu. Sukan tsaya kamar rabin zobe yadda kowa zai ga kowa, kuma akwai doka ɗaya da Malama ta dasa musu har ta zame musu jiki: ba a ɗaga ƙafa sai kowane yaro ya dubi sauran ɗaya bayan ɗaya, sun haɗa ido, an gyaɗa masa kai. In ɗaya ya sunkuya ɗaure takalmi, a jira shi. In ɗaya yana fushi ya ƙi ɗago ido, a jira shi ya huce. Na sha zama a benci raina na ƙuna, ga ɗinkin mutane na baro a shago, su kuma suna ta kallon-kallo. Na taɓa ce wa Malama da masu kunne za su bi wannan doka, da ko taron mutum uku ba za a taɓa buɗewa ba. Ta ce ai ta sha zuwa tarukanmu, ta ga yadda muke farawa ba tare da juna ba, mu kuma tashi a haka.

Wata rana sai ga takardar gayyata daga wata gidauniya da ke taimaka wa makarantar. Gidauniyar ta cika shekara goma, za a yi taro a babban zauren wani otal, ana so yara su yi wasa gaban manyan baƙi. Ni aka ba ɗinkin kaya, riga goma sha uku na shuɗin yadi. Ta Auta na fi ɓata wa lokaci, sau biyu ina farke kalmasarta ina sakewa. Ita kuwa kullum sai ta buɗe leda ta duba ko rigar tana nan.

Shugabar gidauniyar mace ce mai kuka a kusa. Hawayenta tare da mai ɗaukar hoto suke zuwa, tare kuma suke tafiya. In za ta yi wa kurma magana sai ta ɗaga murya ta wage baki kamar tana gaban likitan haƙori, in bai gane ba ta ƙara ɗagawa. Su kuwa yaran kowa sai sun raɗa masa suna da hannu, daga abin da suka fi gani yana yi. Nata sunan shi ne a share hawaye da yatsa ɗaya ana duban agogo. Ranar da Auta ta nuna min na yi dariya har na soke kaina. Nawa sunan, wanda take kira na da shi a gida, allura ce tana shiga yadi tana fita.

Ana gobe taro muka je gwaji a zauren. Mai fassarar da aka ɗauko bai zo ba, wai motarsa ta lalace. Shugaba ta hango ni durƙushe ina rage wa wani yaro wando, hannuna na yi masa faɗa, sai ta ce, “Ke tela, ashe kin iya yarensu? Zo ki taimaka mana.” Na miƙe da allura a baki na zama tafinta.

Gyare-gyarenta ba su da iyaka. Wai me ya sa ba a ɗinka fari ba, fari ya fi taɓa zuciya. Wai yaran su rage murmushi, baƙi za su zaci ba su da matsala. Wai za a saka musu kiɗa mai sanyi, ba don su ba, don jama'a su san inda za su ji tausayi. Ta nuna min wani ƙaton ƙyalle da aka rataya a bayan dandamali, an rubuta taken taron da ruwan zinare: SHIRUN DA YA FI MAGANA. Ta ce ita da kanta ta ƙirƙiro shi, sai da ta yi kwana uku tana tunani. Duk na fassara wa Malama, Malama na gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa mai zazzaɓi.

Yara suka yi kallon-kallonsu suka fara. Minti ɗaya bai cika ba Auta ta shiga rawar da gaske, sautin nan ya taso. A gida ma yana da ƙarfi, balle a zauren da babu kowa. Ya bugi bango ya dawo. Ma'aikacin da ke jera kujeru ya tsaya da kujera a hannu.

Shugaba ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. “Wace ce ke wannan gurnani? Waccan ta gefen doguwar?” Ta dafa ƙirji. “A'a, wannan ba zai yiwu ba. Mun ce shiru, ita kuma tana nishi kamar ana ɗaga buhu. Ki gaya wa malamarsu a cire ta, a yi da goma sha biyu. Allah sarki, uwar yarinyar nan tana da aiki.”

Ga ni tsaye, tef ɗin awo a wuya. Kalma biyu kawai ake buƙata: 'yata ce. Ni da nake zazzaga wa mai kawo yadi masifa a kan rabin kamu, ni da ko mai gidan haya ba ya shigo min shago sai ya shirya, bakina ya mutu murus. Kunya ce ta rufe ni, kuma ba kunyar matar nake ji ba, kunyar 'yata nake ji. Na ce, “To, ranki ya daɗe.”

Na juya wajen Malama na shirga ƙarya da hannuna biyu. Na ce otal ɗin na da doka, mutum goma sha biyu kawai dandamalin ke ɗauka. Malama ta hau ta auna shi da taku, ta dawo ta ce ko ashirin zai ɗauka har da jakunkunansu. Na ce doka ce, ba ni na kafa ba. Ta ce to me ya sa Auta? Nan Shaiɗan ya ba ni amsa mai kyau. Na ce ni na miƙa tawa, don kada a ɓata wa wata uwar rai. Malama ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta rungume ni. Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

A gida na maimaita wa Auta ƙaryar, na ƙara da cewa ita ce za ta taya ni kula da kayan 'yan rawa a ɗakin baya, babban aiki ne. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Ta ce ba komai, wani karon. Ta ciro rigarta ta goge da kanta, ta ce ko ba ta hau ba za ta saka.

Washegari da rana Malama ta tara yaran a ɗakin baya ta gaya musu. Babu wanda ya yi gardama. Doguwa ce kawai, yarinyar da ke tsayawa kusa da Auta, 'yar shekara goma sha uku mai idon da ba ya ƙiftawa, ta tambaya wa ya kafa dokar. Aka ce otal. Ta leƙa dandamali ta dawo. Na ce a raina alhamdulillahi, magana ta mutu.

Zaure ya cika da turare da manyan riguna. Aka yi jawabi bakwai, kowanne sai ya ce ba zai tsawaita ba. Shugaba ta yi kuka sau biyu, na biyun saboda na farko mai hoto yana canza batir. Mai gabatarwa, wani mai muryar rediyo da yake jan kowace kalma kamar ana biyan sa a kan tsawonta, ya ce jama'a su shirya zukatansu, ga mala'ikun shiru nan tafe. Na bar Auta a ɗakin baya kan wani akwati, na zo na tsaya gefen dandamali kusa da Malama.

Yara goma sha biyu suka fito suka yi rabin zobensu. Tsakanin Doguwa da yarinyar da ke biye suka bar gurbi, daidai faɗin mutum ɗaya. Mai sauti ya saki kiɗan tausayi. Suka fara duban juna ɗaya bayan ɗaya, ana gyaɗa kai, har ido ya zo kan gurbin. Nan ya tsaya. Duk su goma sha biyun suka zuba wa wajen ido suna jira.

Minti ɗaya. Minti biyu. Ko yatsa babu wanda ya motsa. Ni na san abin da nake gani. Jama'a kuwa ba su sani ba. Wata mata a layin gaba ta ciro hankici. Mai gabatarwa ya ga dama ta samu, ya matso da makirufo ya sassauta murya, ya ce jama'a su kalli yadda waɗannan bayin Allah ke nuna mana nauyin shirun da suke ɗauke da shi, wannan gurbi da muke gani shi ne gurbin da ke zukatanmu duka. Sai shessheƙa ta ko'ina. Wani mai ƙaton tumbi ya cire tabarau yana goge ido. Kiɗa ya ƙare bayan minti huɗu, zaure ya miƙe tsaye ana tafi kamar za a tsaga hannu. Na ji wani yana cewa bai taɓa ganin fasaha irin wannan ba ko a ƙasar waje.

Tafi ya ƙare. Yara suna nan.

Aka zauna, aka ɗan yi tari. Mai sauti ya dubi Shugaba, ta yi masa alama, ya sake sakin kiɗan daga farko. A karo na biyu tausayin bai kama ba. Hankici ya koma jaka, waya ta fito. Babban baƙo ya ja hannun riga ya duba agogo a fili, ba ko sakayawa. Malama ta yi wa yaran alamar su fara. Doguwa ta amsa da hannu ɗaya, ba ta ma juyo duka ba: ba mu cika ba. Malama ta dube ni ta ɗaga kafaɗa. Me za ta ce, ita ta koya musu.

Shugaba ta iso gefen dandamali da murmushi a fuska saboda jama'a, ta damƙi damtsena har farcenta ya shige. Ta ce in gaya musu ko su yi rawa ko su sauka, abinci na hucewa. Na gaya musu. Doguwa ta tako cikin gurbin a gaban kowa, ta buɗe hannuwanta ta juya dama ta juya hagu, ta yi tsalle sau biyu don a ga katakon bai karye ba, sannan ta koma wajenta ta harɗe hannu. Mai gabatarwa ya ce wannan alama ce ta tsuntsun da ke neman 'yanci. Babu wanda ya yi masa tafi.

“Je ki kawo ta,” in ji Shugaba ta cikin haƙora. “Amma ki tabbata ta rufe bakin nan.”

Na sami Auta inda na bar ta, tana jera takalman 'yan'uwanta biyu-biyu a gindin bango. Ba ta san komai ba, ina za ta sani? Na ce ta taso, za ta hau. Fuskarta ta washe, ta tambaye ni da zolaya ko dandamalin ne ya yi girma. Sautin ya fara tasowa tun a nan. Na riƙe kafaɗarta na ce akwai sharaɗi ɗaya, ta rufe bakinta gam har a gama. Ta ce saboda me.

Babu sauran ƙaryar da zan yi, kuma ana jira. Na ce in tana jin daɗi, murya tana fita daga bakinta.

Ta ɗora hannu a maƙogwaro. Ta ce ta san wannan abin, yana yi mata motsi a ƙirji, ta ɗauka a ciki yake tsayawa, kamar bugun zuciya.

“Ana ji?”

“Ana ji.”

“Tun yaushe?”

“Tun kina jaririya.”

Sannan ta yi tambayar da na yi shekara goma sha ɗaya ina gudu. “Yana da daɗi?”

Hannuna ya tashi zai ce e. Amma kurma ba hannu kawai yake karantawa ba, kuma fuskata ta riga hannuna magana. Na ga lokacin da ta karanta. Ta ɗaga yatsa a hankali ta ɗora a leɓenta, irin yadda nake yi mata a mota, a asibiti, a gidan mutane, ta ce, “Wannan, dama shi kike nufi?” Ta ce ita duk zatonta cewa nake ta daina rawar kai. Na gyaɗa kai. Ta gyara wuyan rigarta ta wuce ni.

Da ta shiga gurbin, idanun yara goma sha biyu suka sauka a kanta, aka gyaɗa kai zagaye guda, ƙafa goma sha uku suka bugi katako lokaci ɗaya har babban baƙo ya zabura. Ba zan yi ƙarya ba, rawar ta yi kyau. Suna juyawa tare, suna faɗuwa tare, ɗaya ya yi tuntuɓe na kusa da shi ya tare shi suka mayar da abin kamar cikin rawar yake. Kiɗan tausayin yana can yana nasa, su suna nasu, ko gaisawa ba su yi ba. Auta ba ta kuskure taku ko ɗaya ba. Leɓenta a manne, jijiyar wuyanta a tsaye. Shugaba ta matso kusa da ni ta ce, “Kin gani? Ashe tana iyawa.”

Akwai wani waje a rawar da suke jeruwa layi ɗaya, kowa ya dafa bayan na gabansa da tafin hannu. Doguwa ce a bayan Auta. Sun yi taku uku sai Doguwa ta tsaya cak, layin duka ya tsaya. Ta sake dafa bayan Auta, ta matsar da hannun sama, ta matsar ƙasa, kamar mai neman abu a aljihu. Ta juyo da ita ta tambaya, “Ina yake?”

Ashe sun sani. Ba su taɓa ji da kunne ba, amma shekara biyu suna jin sa a tafin hannu. Daga baya na sami labarin har rigima ƙananan suke yi a kan wanda zai tsaya bayan Auta, sai da Malama ta raba musu kwana.

Auta ta amsa a taƙaice, gaban mutum ɗari uku da ba su gane ko ɗaya ba. Ta ce masu kunne suna ji, kuma ba shi da daɗi. Doguwa ta ce wa ya faɗa. Auta ta ɗora yatsa a leɓe.

Kai goma sha biyu suka juyo wajena lokaci ɗaya. Babu wanda ya yi dube-dube, babu wanda ya tambayi wa ake nufi. A nan na gane allura sunan gida ne, na lallashi. A makaranta yatsa a leɓe ne sunana, kuma kowa ya san shi, har Malama, wadda ta matsa daga kusa da ni taku ɗaya tana duban fuskata, tana haɗa lissafin jiya da na yau. Mai gabatarwa ya ce jama'a, yaran suna yi wa Shugaba addu'a ne a yarensu. Aka ce amin.

Doguwa ta kama hannun Auta ta ɗora a nata ƙirjin. Ta ja numfashi ta buɗe baki.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Yarinyar ba ta taɓa jin muryar kowa ba balle tata, abin da ya fito kamar an taka wa akuya wutsiya. Na kusa da ita ya gani ya buɗe nasa, na gaba ma haka, har layin ya ɗauka, mai siririya da mai kauri da mai kama da tari. Suka mayar da hannu bayan juna suka ci gaba da rawa suna zuba shi iyakar ƙarfinsu, suna dariya, kowa na jin na gabansa a hannu. Matar hankici ta riƙe jakarta da hannu biyu. Shugaba ta yi ta yi wa mai sauti alama ya ƙara, ya ƙara, ya murɗa har lasifika ta yi wata ƙara mai tsaga kai. Manyan baƙi suka toshe kunnuwa suna yamutsa fuska. A zauren nan kaf, mutum goma sha huɗu ne abin bai dama ba, goma sha uku a sama, Malama a gefe.

Ni Auta nake kallo. Duk wannan hayaniya don ita ake yi, amma bakinta na rufe, idonta na kaina. Sai da layin ya juya suka ba ni baya, sannan na ji shi, can ƙarƙashin na sauran, mai kaurin nan mai gargada. Ko cikin mutum dubu zan gane shi. Da layin ya sake juyowa muka haɗa ido, ta rufe.

Tafin ƙarshe bai kai rabin wanda aka yi wa tsayuwa ba. Mutane sun fi son su a tsaye shiru, an fi sanin yadda za a yi da su. Amma kada ku ji tausayin Shugaba. Kafin a buɗe kwanukan abinci na ji ta tana gaya wa 'yan jarida cewa da gangan aka tsara, wai saƙon shi ne a ba marasa murya murya, kuma ita ta kawo shawarar. Har ta sa aka nemo mata Auta su yi hoto, ta rungume ta tana hawaye, tana tambaya da ƙarfi ina uwar wannan yarinya mai albarka. Ina tsaye taku biyu daga wajen, ina naɗe riguna.

Malama ba ta yi min faɗa ba, ban ma samu wannan gatan ba. Abu ɗaya ta ce min a bakin mota, wai daga yau in ba a sami tafinta ba za ta riƙa yawo da takarda da biro.

Na ba Auta haƙuri a ranar, na sake ba ta washegari. Na ce mata ni ce mara hankali, muryarta ba ta da laifi, ina son ji. Ta ce ba komai, Mama, da ladabi, irin ladabin da ake yi wa baƙo. Wata biyu ke nan. Tana cin abinci, tana taya ni saka maɓalli, tana dariya ma, amma da leɓe a rufe, kafaɗa ce kawai ke motsi. Na yi mata cakulkuli kamar wata ƙaramar yarinya, na ɗinka mata riga ba dalili, na yi faɗuwar gangan da bokiti a tsakar gida. Ta taimaka min na tashi, ko uffan. Maƙwabciyata ta tare ni a bakin famfo tana yaba min, wai Auta ta girma ta yi hankali, yanzu ko motsinta ba a ji, wane magani na yi mata. Saura kaɗan in kwaɗa mata bokitin.

A makaranta kuwa an ce ta fi kowa buɗe murya. Ran Talata da Alhamis suke gwaji, ƙarfe huɗu ake tashi. Ni tun uku nake rufe shago, ko da mai kaya na zaune. Ba na shiga, don in ta gan ni shi ke nan. Akwai wani lungu bayan ajin, tsakanin bango da tankin ruwa, inda tagar take a sama ba a ganin mutum. Nan nake tsayawa in saurara. Mai gadi ya yi ta kallona sati biyu, ya ɗauka ciwon ƙafa ke hana ni ƙarasawa ciki. Ran Alhamis da ta wuce na zo na tarar ya ajiye min kujera a wajen.